Ginin Ƙasa Na Zamani: Gida Mai Sanyi Ga Talaka, Aikin Rani Ga Matasa

A ranar 3 ga Afrilun 2024, zafi a garin Kayes na ƙasar Mali ya kai digiri 48.5. Cikin kwana huɗun farko na wannan wata, mutum 102 suka rasu a asibitin Gabriel Touré da ke Bamako, fiye da rabinsu dattawa ne da suka haura shekara 60. Ana cikin azumi, wutar lantarki kuma sai ta ga dama take zuwa. Wanda ya yi waɗannan makonni a Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai ba sai an ba shi labari ba, domin shi ma ya ɗanɗana.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, mafi yawan wannan azaba a cikin ɗaki ake shan ta. A duba ɗakin haya irin wanda ya cika sababbin unguwannin Kano da Kaduna da Maraɗi: bangon bulo mai inci shida, rufin kwano ba silin, ƙaramar taga guda ɗaya, ita ma tana kallon katangar maƙwabci. Tun da hantsi kwanon ya ɗauki zafi har ba ya taɓuwa. Kafin azahar ya fara juye shi a kan duk wanda ke ciki. Da dare kuma, bayan iska ta ɗan sassauta a waje, bango da daɓen siminti suna ci gaba da amayar da abin da suka sha tun safe. Sai uwargida ta yayyafa ruwa a ƙasa, ta jiƙa zane ta lulluɓa wa jariri, maigida ya ja tabarma zuwa tsakar gida ya kwana yana fama da sauro. Ɗakin da aka biya wa kuɗin shekara ya zama ma'ajiyar kaya har sai ruwan farko ya sauka.

Irin wannan ɗaki ne mai ƙaramin ƙarfi yake iya samu a yau, kuma duk da haka ba shi da araha. A farkon 2024 buhun siminti ya kai naira 10,000 a Najeriya, a wasu garuruwan ma ya haura, har sai da gwamnatin tarayya ta kira manyan kamfanonin da ke yin sa aka zauna a watan Fabrairu. Da aka mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000 a watan Yuli na shekarar, lissafin a bayyane yake: a wancan farashi, albashin wata guda cur, ba ci ba sha, buhu bakwai ne. Ga rodi, ga kwano, ga katako, ga yashi, kowanne da nasa tashin. Shi ya sa bayan kowane gari ya cika da kangaye, gini ya kai linta ya tsaya, ciyawa ta fito a falo, mai shi yana can yana biyan haya.

Wanda ya daure ya gama kuma, sai ya tarar gidan ba ya zaunuwa sai da fanka ko na'urar sanyaya ɗaki. Tun da aka cire tallafin man fetur a Najeriya a ranar 29 ga Mayun 2023, tayar da janareta ya fi ƙarfin yawancin magidanta. A Afrilun 2024 aka ninka kuɗin wuta fiye da sau uku ga masu samun ta sosai, ya koma naira 225 kowane ma'auni. A Nijar kuwa, wadda ta daɗe tana sayen mafi yawan wutarta daga Najeriya, katse layin da aka yi bayan juyin mulkin 2023 ya nuna wa kowa yadda gidan da ya dogara da lantarki yake zama idan lantarkin ya tafi.

Gida mai araha, mai sanyi, wanda gina shi zai ciyar da matasan unguwa, abu ne mai yiwuwa a ƙasar Hausa, kuma babban kayan aikinsa jar ƙasa ce. An gwada, an gani, a ƙauyuka da birane masu irin wannan rana da irin wannan ruwa. Abin da ya rage shi ne gwamnatocin jihohi su daina ɗaukar ginin ƙasa a matsayin abin da ake gudu, su sa masa kuɗi da doka da makaranta.

Maginin Hausa na da ya san ƙasarsa. Ana haƙo birji, a jiƙa, a zuba ramno ko wata ciyawar, a tattake da ƙafa, a bar kwaɓin ya kwana biyu ya nuna, sannan a sake juya shi. Sai a mulmula tubali da hannu, mai faɗin gindi da tsinin kai, a jera a rana. Ranar gini, yaro yana ƙasa yana wurga tubali da curin kwaɓi, magini yana zaune a kan bango yana cafewa yana jerawa, bangon yana tashi da kauri a gindi yana sirancewa zuwa sama. A ɗora azarar giginya wadda gara ba ta iya mata, a lanƙwasa bakan gizo ko a yi ɗaurin guga, a zuba ƙasa a kai, a shafe da laso ko makuba domin ruwa ya zame, a fitar da indararo ya zubar nesa da gindin bango. Kowane ɗaya daga cikin kayan nan daga wata sana'ar gari ya fito: katsin da ake haɗa laso daga karofi, gashi daga majema, makuba daga ɓawon ɗorawa. Soro guda ya ciyar da gidaje da yawa kafin a shiga cikinsa.

Sanyin soro kuwa yana da dalili. Bango mai kauri ba ya barin zafi ya ratsa shi da sauri. Yana sha a hankali, kafin zafin ya kai ciki rana ta faɗi. Rufin ƙasa ma haka yake yi, saɓanin kwano wanda ke miƙa zafin nan take. Tsawon ɗaki zuwa sama yana ba iska mai zafi wurin tashi, zaure da rumfa da bishiyar tsakar gida suna tare rana. Da hunturu kuma bangon nan shi ke riƙe ɗumi. Ko a da, idan bazara ta tsananta akan kwana a waje, amma wunin rana a cikin soro da wunin rana a ƙarƙashin kwano ba su taɓa zama ɗaya ba.

Wannan gwaninta ba ta tsaya a ɗakin kwana ba. Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, cikin shekarun 1830, kuma masana gini na duniya har yau suna nazarin bakan gizonsa. Hasumiyar masallacin Agadas, mai tsawon mita 27, da ƙasa aka yi ta, kuma tsohon garin ya shiga jerin wuraren tarihi na UNESCO a 2013. A ƙauyen Yama na jihar Tawa, wani magini manomi, Falke Barmu, ya fara gina masallacin Juma'a a 1962, aikin da ya samu lambar yabo ta Aga Khan a 1986.

To amma ba rashin hankali ne ya sa mutane suka guje wa ginin ƙasa ba. Gidan tubali yana son yaɓe kafin kowace damina, kuma gayyar da a da take yin wannan aiki ta watse. Giginya ta yi ƙaranci, azara ta yi tsada. Bango mai kauri yana cin fili, alhali fuloti a birni sai ƙanƙancewa yake yi. Babba a cikinsu shi ne ruwa. A watan Agustan 2023 wani sashe na masallacin nan na Zariya ya rufta a kan masu sallar la'asar, mutane da dama suka rasu. A farkon Satumban 2024 tsohon masallacin Damagaram, na tsakiyar ƙarni na 19, ya rushe bayan ruwa mai ƙarfi, a daminar da ta ci rayuka fiye da 300 a Nijar, da yawansu gidaje ne suka faɗa musu. Duk wanda zai kira mutane zuwa ginin ƙasa bai ambaci wannan ba, bai yi musu adalci ba.

Sai dai raunin sananne ne, maganinsa ma sananne ne. Ruwa yana kayar da bangon ƙasa ne ta wuri biyu, ta gindi da ta ka. Idan aka yi harsashi da dutse ko kankare ya taso sama da inda ruwa ke kwanciya, aka shimfiɗa abin da zai hana laima hawa bango, aka yi rufi mai baki da ya zarce bangon sosai, aka fitar da magudana, kuma ba a yi ginin a kan hanyar ruwa ba, an kashe mafi yawan haɗarin. Gidan bulon siminti ma, in aka kafa shi a kwari aka toshe magudana, ba ya tsira.

Shi kansa tubalin an inganta shi. Na'urar matse bulon ƙasa akwatin ƙarfe ne mai doguwar mariƙa, wanda mutum biyu ko uku ke aiki da shi ba mai ba lantarki. Ana tankaɗe jar ƙasa, a gauraya ta da siminti kaɗan, kamar kashi 5 zuwa 8 cikin ɗari, a yayyafa ruwa daidai yadda in an dunƙula ta a hannu za ta riƙe ba tare da ta jiƙa tafi ba. A cika akwatin, a rufe, a danna mariƙar da ƙarfi, a ɗaga, sai bulo ya fito ja jawur da kusurwoyinsa tsaf. A jera a inuwa, a lulluɓe da leda, ana yayyafa masa ruwa har kimanin mako huɗu. Ba a gasa shi, don haka ba a sare ko itace ɗaya ba. Irin wannan na'ura tun shekarun 1950 aka ƙirƙiro ta a ƙasar Kolombiya, kuma cibiyar binciken gine-gine da hanyoyi ta Najeriya, NBRRI, wadda aka kafa a 1978, ta ƙera nata nau'o'in a cikin gida. Bangon da aka yi da wannan bulo bai kai tubali kauri ba, yana ɗaukar bene, kuma in an jera shi da kyau ba ya buƙatar filasta ko fenti.

Wanda yake son ganin shaida ya je Dandaji, wani ƙauyen Hausawa a jihar Tawa. A can ne 'yar Nijar mai zanen gine-gine, Mariam Issoufou, tare da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili, suka gyara tsohon masallacin ƙasa na garin ya zama ɗakin karatu, suka gina sabon masallaci mai ɗaukar mutum kusan 1,000 a gefensa da matsattsen bulon ƙasa. An gama aikin a 2018, maginan yankin ne suka yi shi, kuma ya ci lambar yabo ta duniya. Kafin wannan, a 2016, ita da abokan aikinta sun gina rukunin gidaje shida masu bene a Yamai, wanda suka kira Niamey 2000, domin su nuna cewa ma'aikaci mai matsakaicin hali a babban birni zai iya zama a gidan ƙasa na zamani, mai tsakar gida da sirri irin wanda iyali Musulmi ke so, a kan fili kaɗan.

A Burkina Faso, Francis Kéré, ɗan ƙauyen Gando da ya yi karatu a Jamus, ya gina wa garinsu makarantar firamare a 2001 da bulon ƙasa. Bai yar da kwano ba. Ya ɗaga shi ne sama a kan ƙarafa, ya sa silin na ƙasa a ƙarƙashinsa, yadda iska ke ratsawa tsakani tana kwashe zafin, bakin kwanon kuma ya zarce bango yana kare shi daga ruwa. Mutanen garin ne, maza da mata, suka yi aikin da hannunsu. A 2022 Kéré ya zama ɗan Afirka na farko da ya karɓi Pritzker, lambar yabo mafi girma a fannin zanen gine-gine.

Matsalar azara ma an samo mata mafita. Akwai dabarar rufi ta ƙasar Nuba, a kudancin Masar da arewacin Sudan, inda ake lanƙwasa rufi da ƙananan tubala kawai, kowane layi yana jingine da na bayansa, ba katako ba ƙarfe. Rumbunan da aka yi da wannan dabara a kusa da Luksor sun haura shekara 3,000 suna tsaye. Tun shekarun 1980 ƙungiyar Development Workshop ta koyar da magina a Nijar irin wannan gini marar itace. A shekarar 2000 kuma wani magini Bafaranshe, Thomas Granier, da wani manomi ɗan Burkina, Séri Youlou, suka fara yaɗa wani sauƙaƙƙen nau'insa daga garin Boromo. Yau akwai dubban irin waɗannan gine-gine a Burkina da Mali da Senegal da Benin da arewacin Gana. Ɗakin ba ya wuce faɗin mita uku da ɗan abin da ba a rasa ba, amma ana iya tsawaita shi yadda ake so, a jera ɗakuna gefe da gefe, har a ɗora bene. Mai gida yakan kawo ƙasa da ruwa da 'yan'uwansa su yi leburanci, ya biya magini kawai, abin da ke rage tsabar kuɗin da zai fitar daga aljihu.

A nan ne batun aikin yi ya shigo, kuma shi ne ya kamata ya fi jan hankalin gwamnoni. Idan aka gina gidan bulo da kwano, mafi yawan kuɗin yana barin garin ne a ranar da aka biya shi: ya tafi masana'antar siminti a Obajana ko Kalambaina ko Ashaka ko Malbaza, ya tafi man babbar mota, ya tafi wurin masu shigo da ƙarfe. Abin da ke saura wa birkila da lebura kaɗan ne. Idan kuwa ginin ƙasa ne, kayan aikin ba su da tsada, hannu ne ke da tsada, don haka kaso mafi girma na kuɗin yana komawa ga mutane: masu haƙa, masu tankaɗe, masu buga bulo, masu amalanke da ke kai shi, magina da yaransu, kafintocin da ke yin tagogi, masu walda da za su ƙera na'urar su kuma gyara ta, da masu haɗa wutar sola, domin gidan da ba ya buƙatar na'urar sanyaya ɗaki ƙaramin faranti ya ishe shi fitila da fanka. Mata ma suna da tsohon gurbi a wannan sana'a, domin daɓe aikinsu ne tun asali.

Lokacin aikin ma ya dace da rayuwar karkara. Ginin ƙasa aikin rani ne. Yana farawa bayan kaka, daidai lokacin da samarin ƙauye ke ɗaure kaya su tafi cin rani Legas ko Abuja ko Kwatano su yi acaba ko tura ruwa, ya kuma ƙare kafin shuka. Tsarin da aka bi a Boromo a kan wannan aka gina shi: manomi ya koyi gini a hannun gwani a wurin aiki, ba a aji ba, ya yi rani yana gini, damina ya koma gonarsa, bayan 'yan shekaru shi ma ya ɗauki nasa yaran. Bahaushe bai buƙatar a koya masa wannan tsari, domin haka magina suka yi ta gadon sana'arsu a ƙarƙashin Sarkin Magina.

Ga kuma amfanin da ya wuce gida ɗaya. Ana gasa siminti ne a wuta mai zafin digiri 1,450, kuma masana'antarsa ita kaɗai tana fitar da kusan kashi 7 zuwa 8 cikin ɗari na hayaƙin da ke ɗumama duniya. Jan bulo da ake gasawa a gargajiyance yana cin itace a yankin da hamada ke matsowa. Bulon siminti yana cin yashin da ake kwashewa daga rafuka har gaɓa ta zabtare. Ginin ƙasa ma yana da nasa sharaɗi: kududdufan da suka cika tsohon birnin Kano ramukan haƙar ƙasar gini ne, kuma an san abin da suka jawo na sauro da shara da nutsewar yara. Dole hukuma ta ware wuraren haƙa a wajen gari, ta kuma tilasta a cike su ko a mayar da su tafkin ban-ruwa.

Dole kuma a faɗi gaskiya game da farashi. Bulon ƙasa ba kullum yake fin na siminti araha ba. Idan sai an ɗauko ƙasar daga nesa da tifa, ko magini ɗaya ne a gari ya iya aikin, tsadar tana iya zuwa ɗaya. Arahar tana fitowa ne idan ƙasar tana kusa, magina sun yi yawa, an tsallake filasta da fenti, sannan aka haɗa da kuɗin wuta da na mai da maigida ba zai kashe ba har tsawon rayuwar gidan. Wannan kuwa sai an samu kasuwa mai ɗorewa, kuma gwamnati ce kaɗai ke da ƙarfin buɗe ta. A tsibirin Mayotte da ke tekun Indiya, hukumar gidaje ta yanke shawara a farkon shekarun 1980 ta riƙa gina gidajen talakawa da makarantu da matsattsen bulon ƙasa. Aka gina dubbai, ƙananan masana'antun bulo suka bazu a ƙauyuka, sana'a ta kafu.

Babban shinge dai kunya ce. A idon mutane da yawa gidan ƙasa shaidar talauci ne. Saurayi ya je neman aure a ce ai gidansu na ƙasa ne. Ɗa ya samu aiki, abin farko da zai yi wa mahaifinsa shi ne ya rushe soron kaka ya sa bulo, jama'a su sa masa albarka, tsohon kuma ya ƙarasa rayuwarsa cikin gumi. Wannan ba ya gyaruwa da wa'azi, kuma ba ya gyaruwa da tilas. Hassan Fathy na Masar, wanda ya fi kowa suna a kare ginin ƙasa, ya gina wa talakawa sabon ƙauyen Gurna a shekarun 1940, amma da yawansu suka ƙi komawa, domin hukuma ce ta yanke musu shawarar tashi ba su ba. A Najeriya kuwa an ɗauki wata hanyar da ita ma ba ta kai ba: aka kwaikwayi masallacin Zariya da ganuwar Kano a gidan tarihin gine-ginen gargajiya da ke Jos, abin sha'awa ga mai ziyara, amma sana'ar da aka killace a gidan tarihi ba ta ciyar da mai ita. Talaka zai yarda da gidan ƙasa ne ranar da ya ga asibitin garinsu da ofishin ƙaramar hukuma da gidan ɗan kasuwar unguwarsu an yi su da shi, sun yi kyau, damina ta zo ta wuce ba su tsage ba.

Shinge na biyu kuɗi ne. Asusun gidaje na gwamnatin tarayyar Najeriya da aka kafa a 1992 yana cire kashi 2.5 cikin ɗari daga albashin ma'aikaci, amma samun rancensa yana son takardar mallakar fili da albashin da ke shiga banki, abubuwan da mai shayi da tela da manomi ba su da su. Manyan rukunan gidaje na gwamnati kuma, irin su Kwankwasiyya da Amana da Bandirawo da aka gina a Kano tsakanin 2011 da 2015, sun nuna iyakar wannan hanya: gidaje da dama sun daɗe ba kowa a ciki domin farashinsu ya fi ƙarfin masu buƙata. Talaka ba ya sayen gida gaba ɗaya. Ɗaki-ɗaki yake ginawa, bana biyu, baɗi ɗaya. Rancen da zai amfane shi ƙarami ne, na harsashi da rufi, wanda zai biya bayan kaka ko ta hanyar adashi da ƙungiyar sana'arsa.

Miliyoyin da suka riga suka shiga ƙarƙashin kwano ma ba a bar su a baya ba. A birnin Ahmedabad na Indiya, bayan zafin 2010 ya kashe fiye da mutum 1,300, hukuma ta fito da shirin kare jama'a a 2013, daga baya ta haɗa da shafa farin fenti a rufin gidajen talakawa, abin da ke rage zafin ɗaki da digiri biyu zuwa biyar. Farin rufi, silin ko da na zana ko tabarma ne, taga biyu masu fuskantar juna, rumfa da bishiyar darbejiya a gefen yamma: duk aikin kwana ɗaya ko biyu ne, kuma duk aikin matasan unguwa ne. Najeriya tana da ƙa'idar gini mai tattalin makamashi tun 2017, amma hukumomin tsara birane na jihohi ne ke amincewa da zanen gida, kuma ƙa'idar ba za ta yi tasiri ba sai sun mayar da ita sharaɗi.

Abin da ake nema daga gwamnonin Arewa da hukumomin jihohin Maraɗi da Damagaram da Tawa ba ya buƙatar sabon kuɗi mai yawa. Kowace shekara ana gina azuzuwan firamare da ƙananan asibitoci. A ware wani kaso daga cikinsu, ko da ɗaya cikin goma ne, a gina da matsattsen bulon ƙasa da rufi mai ɗagagge, a auna zafin cikinsu da na maƙwabtansu na bulo, a bayyana kuɗin da kowanne ya ci kowa ya gani. Hukumomin tsara birane su fitar da ma'auni bayyananne na harsashi da ƙarfin bulo da bakin rufi, yadda injiniya zai sa hannu ba fargaba, banki ya karɓi gidan a matsayin jingina. Kuɗin koyar da sana'a da ake kashewa wajen rabon kekunan ɗinki da babura, a karkatar da wani sashe ya sayi na'urorin matse bulo ga ƙungiyoyin matasa, tare da alkawarin cewa gwamnati za ta sayi bulon farko da suka buga.

Mataki mafi gaggawa ya shafi mutane ne. Maginan da suka iya lanƙwasa bakan gizo da haɗa laso suna nan a Kano da Zariya da Katsina da Daura da Damagaram, amma sun manyanta, kuma da yawa daga 'ya'yansu sun koma wasu sana'o'i. Sashen nazarin gine-gine na Jami'ar Ahmadu Bello da kwalejojin fasaha na jihohi suna da injiniyoyin da suka san gwajin ƙasa da lissafin nauyi amma ba su taɓa mulmula tubali ba. Ya kamata a haɗa waɗannan ɓangarori biyu a filin aiki ɗaya, a ɗauki dattawan a matsayin malamai da albashi, a ba yaran da suka koya a hannunsu takardar shaida da ɗan kwangila zai karɓa. Masarautu sun san inda Sarakunan Magina suke, kuma ma'aikatun ayyuka za su iya fara tattara sunayensu tun kafin ranin bana ya shigo.